Ni da Motar Isyaku Daga Kwatano Zuwa Aujara

Tunda na dawo bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo gidana a Takur da sunan yi min sannu da zuwa, kafin ta gyara zama sai ta jefo tambaya, wai da gaske ne a buɗaɗɗiyar mota na taho tun daga Kwatano? Na maimaita labarin nan har ya fara yin rassa a bakin mutane. Jiya wata ta zo tana jajanta min, wai ta ji an ce a bayan motar aka ɗaure ni da igiya kamar buhun gero. To ga shi zan faɗa sau ɗaya tun daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a bar ni in ji da gwiwoyina.

Isyaku ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatu ya kai shi Jamus tun gemu bai fito masa ba, ya gama ya kama aiki a wata masana'anta, ya yi aure a can, auren ya mutu, 'ya'yan suka girma suka kama gabansu, shi kuma ya ci gaba da zama har ya haura shekara talatin. Da fari yakan leƙo gida jefi-jefi, daga baya sai waya. Da Innarmu ta rasu bai zo ba. Ya bugo yana kuka, mahaifinmu Malam, wanda ke da makarantarsa a Aujara, ya ce a gaya masa ba a yin ta'aziyyar uwa ta waya. Daga ranar Malam bai ƙara karɓar wayarsa ba, bai kuma ƙara kama sunansa ba ko da wasa. Shi kuma kunya ta hana shi zuwa, kowace shekara tana ƙara masa nauyi. Abin nan ya daɗe yana ci min rai, don Malam ya tsufa ƙwarai, kuma ba na so ƙasa ta rufe idon ɗayansu suna a haka.

Saboda haka ranar da ya kira ni ya ce ya yi ritaya, zai tattaro ya dawo gida gaba ɗaya ya zauna nan Dutse kusa da ni, sai da na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki. Ya ce kayansa ba su da yawa, amma akwai motarsa da ba zai iya rabuwa da ita ba, zai sako ta a jirgin ruwa. Na ce ya turo ta Kwatano, tunda na daɗe ina saro atamfa da leshi a can, na san gari na san mutane. Malam kuwa ban gaya masa komai ba. Tsoro na ji kada in faɗa ya ce bai yarda ya zo ba, maganar ta zama umarni. Gara kawai ya tsinci ɗansa a ƙofar gida.

Ni kuma da na ji an ce mota, kuma daga Turai, kuma ta mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki, sai zuciyata ta zana min zungureriyar nan mai cin iyali guda da kayansu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, wannan karon ba ni ba biyan dako. Na riga shi isa Kwatano, na shiga kasuwa na yi saron da ban taɓa yin irinsa ba, har da tukwane da labulaye waɗanda ba sana'ata ba. Mai masaukinmu a Zongo, da ta ga ɗakin ya cika har bakin ƙofa, ta tambaye ni ko tirela na yi shata. Na ce mata ta zuba ido kawai.

Ku da ba ku taɓa zuwa Kwatano ba, gari ne da mata ke tuƙa babur da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ɗaga ido ya kalle su. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawonsa har yankar dasashi yake, kuma a hammata suke saƙalo shi ba leda ba komai. Da tsakar rana sai a rufe kanti a tafi hutu ko da mai saye na tsaye. Duk wannan na saba da shi. Wanda ban saba da shi ba shi ne ƙanena. Ina ganin hotonsa a waya, amma da na je tarbarsa a filin jirgi saurayi idona ke nema, sai ga wani dattijo mai sanƙo da farin gemu ya tsaya a gabana ya ce, "Yaya Gambo." Hausarsa ta yi tsatsa, kuma komai aka yi masa sai ya yi godiya. In miƙa masa ruwa, ya gode. In matsa masa ya zauna, ya gode. Na ce masa in ya ƙara gode min sai na make shi, ni ba baƙuwarsa ba ce.

Wanda ke fitar mana da kaya daga tashar jirgin ruwa wani Bazabarme ne, Alhaji Hamani, mutum mai sanyin magana. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu kwantenar. Da aka buɗe na leƙa ban ga mota ba, sai akwatuna da wani abu a ƙasa lulluɓe da bargo. Isyaku ya shiga ya yaye bargon a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya. Wata 'yar aba ce ja, tsayinta bai kai ƙuguna ba, da idanu biyu a waje irin na kwaɗo, kujera biyu rak, ba ta uku. Alhaji Hamani ya zagaya ta, ya leƙa bayan akwatunan, sannan ya tambayi Isyaku cikin ladabi ko sauran motar na cikin wata kwantenar ne.

Isyaku bai ji haushi ba, sai ma ya hau bayani. Wai motar tsere ce ta zamanin da, ta girme shi da kaɗan, irinta sun yi ƙaranci yanzu. Wai a can tsohuwa irin wannan ta fi sabuwa daraja, in ya fito da ita mutane har tsayawa suke su ɗauki hoto. Ɗaki guda ya ware mata, lokacin sanyi ba ta leƙa waje, lulluɓe ta yake da bargo sai rana ta dawo. Na tambaye shi to ina yake zuwa da ita, ya ce ba ko'ina, ranar Lahadi yake fita ya zaga ya dawo. Na ce ikon Allah, mu nan tsofaffinmu muke lulluɓa wa bargo. Da wasa na faɗa, amma sai na ga ya sunkuyar da kai, na yi da-na-sanin maganar.

Rufinta na tamfol ne, naɗe shi ake a baya. Ashe danshin teku ya riga ya cinye shi a cikin kwantena, yana jawo shi ya yage a hannunsa kamar tsohon zane. Na ce ga masu ɗinkin rumfa nan birjik a kasuwa, ya dube ni kamar na ce a yanka ta, ya ce sai an aiko da nata daga Jamus. Na zagaya baya in ga inda zan zuba kayana, na tarar da inji. But ɗinta a gaba yake, kuma da muka sa 'yar jakarsa da tawa da buta da kwanon dambun nama, ya cika taf. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Haka na koma na nemi tirelar Kano na loda kayana da akwatunansa, mai masauki na tsaye tana min dariya har da riƙe ciki.

Hanyar da na saba bi, in an haye Nijar ta Gaya, nan da nan ake karyowa a shigo gida ta Kamba. Isyaku ya ce a'a, motarsa ba ta son ramuka, za mu bi kwaltar Nijar har Damagaram mu sauko ta Maigatari. Na ce wannan ai zagayen duniya ne. Ya ce ba sauri muke ba. Na ƙyale shi, don na ɗauka son motar ne kawai ya yi masa yawa.

Shiga motar nan kanta aiki ce. Ba hawa ake ba, faɗawa ake, kamar mai zama a cikin daro. Kun dai san jikina, Allah bai rage ni ba. Da na zauna sai da ta yi ƙara ta karkata ɓangarena, gwiwoyina suka zo daidai haɓata. Ba mu bar gari ba muka iso tudun nan da ake ginawa a titi don a rage gudu, cikinta ya gurji ƙasa, Isyaku ya runtse ido kamar shi aka gurza. Ya ce, "Yaya, don Allah ki ɗan sauka." Na yunƙura na fito da ƙyar, ya tsallake a karkace, na bi shi da ƙafa na sake faɗawa. To a ƙasar Benin duk ƙauyen da ya tara bukka uku sai ya gina tudu huɗu. Haka na yini ina sauka ina shiga, mutane na tsaye suna kallo. A wani gari wata mai sayar da abarba ta ɗauka mijina ne yake korata daga mota ina dawowa, ta zo ta riƙe hannuna tana zuba masa masifa da yarensu. Ban ji abin da ta ce ba, amma na yarda da kowace kalma.

Farkon damina ne, kafin mu kai Faraku hadari ya haɗo. Isyaku ya ce in ana gudu sosai ruwa ta sama yake wucewa ba ya taɓa mutum, amma shi ba zai yi gudu ba don motar ta daɗe ba ta motsa ba. Na buɗe lema, iska ta juye ta ta koma kwando, sannan ta fizge ta gaba ɗaya. Muka shiga gari a jiƙe sharkaf, ina kwarfe ruwa daga ƙasan motar da takalmina. A masaukin da muka sauka, kafin ya tambayi ɗakunanmu sai da ya nema wa motar rumfa ya tsane ta da tawul ɗinsa, ni ina tsaye ina ɗiga. Matar gidan ta kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da wani soyayyen cuku da suke ce wa wagashi. Na ci na ƙoshi, ban kula shi ba sai da gari ya waye. Da safen ma cewa ya yi mu ƙara kwana, kujerun na fata ne, sai sun bushe.

A Malanbil ake fita Benin, a haye gadar kogin Kwara a faɗa Gaya. Shi yana jiran a taru a yaba, aka kuwa taru, amma jaje aka zo yi masa. Wani jami'i ya duba fasfonsa, ya dubi motar, ya tambaye shi da Hausarsu ta can shekara nawa ya ce ya yi a Turai. Da ya ji amsa sai ya girgiza kai ya ce arziki na Allah ne, kada ya sa damuwa a ransa, wasu ko keke ba sa dawowa da shi. Direbobin da ke kora motocin sayarwa zuwa arewa suka kewaye mu, wannan ya ce Allah ya kawo babba, wancan ya ce ya san mai walda a Dosso da zai ɗora mata rufin kwano cikin sauƙi. Wata mai suyar kifi ta ƙara mana biyu a kan wanda muka saya, ta ce sadaka ce. Isyaku ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa na karɓi kifin.

Abin da ya fi ba ni kunya a motar nan ba rana ba ce, ba kuma ruwa ba. Mu a wurinmu mai mota ba ya wuce dattijo a hanya bai rage masa hanya ba. Bayan Gaya muka tarar da wani tsoho da ƙullin kaya a ka, ya ɗaga hannu, Isyaku ya tsaya, don wannan tarbiyyar dai Jamus ba ta cinye ta ba. Tsohon ya zagaya yana neman ƙofar baya bai samu ba. Na yi masa bayani cewa mutum biyu kawai take ɗauka. Ya tambaya to in mai ita yana da iyali fa, ko maƙwabci ya kwanta ciwo? Na ce sai dai haƙuri. Ya ce bai taɓa ganin an ƙera rowa da ƙarfe ba sai yau, ya sa mana albarka ya ci gaba da tafiyarsa.

Mutanen Nijar akwai karamci, sai dai shayinsu ba a yi masa gaggawa. Zagaye uku ne, kuma in ka tashi a na farko ka yi rashin kirki. Isyaku da ya sauka daga jirgi yana duban agogo kamar mai jiran shan ruwa, sai ga shi ya zama sarkin zaman shayi. Duk inda ya hango buta a kan gawayi sai ya tsaya, wai inji ya huce. Kuma duk inda muka tsaya sai wani mai neman lada ya taho da bokitin ruwa zai zuba a lagireto, a yi ta fama da shi ana gaya masa wannan motar ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Wani mai kilishi a Dosso ya ce to lallai wannan ce raƙumar Nasara. Tafiyar da na saba yi ba tare da na canza zane ba, sai ga ni ina wanki a hanya ba mu ko ji ƙamshin Maraɗi ba.

Dab da Birnin Ƙonni wani abu ya yi ƙara a baya, wata jar fitila ta kama, ya gangara gefe. Aka turo mu har garejin wani bakanike. Mutumin ya ɗaga gaba yana neman inji ya tarar da buta da kwano, ya buɗe kwanon, ya ce shi dai bai taɓa gyara motar da ke tafiya da dambu ba. Da aka nuna masa baya, ya ce bel ne ya tsinke. Ni hankalina ya tashi, amma da na dubi Isyaku sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce irin wannan bel ɗin sai Jamus, zai yi waya a aiko, mu nemi masauki mai kyau mu jira ko mako nawa ne. Yana cikin faɗa, bakaniken da ke laluben sifana a jakar kayan gyara ta bayan kujera ya zaro wani abu a leda, ya ce ai ga sabo nan ma har biyu. Isyaku ya karɓa yana juya shi, ya ce ya manta da su. Mutumin da ya san kowace ƙusa a jikin motar nan, wai ya manta.

A nan kaina ya waye. Zagayen Damagaram, da kujerun da ba sa bushewa, da shayin da ba ya ƙarewa, duk abu ɗaya ne. Sai da muka isa Maraɗi muka sauka gidan wata ƙawata 'yar kasuwa, aka kawo fura, muka keɓe a inuwar tsakar gida, na ce masa ni ba yarinya ba ce, ya gaya min gaskiya: motar ce ba ta son isa Aujara ko mai motar? Ya daɗe yana juya ludayi. Sannan ya ce tunda ya yanke shawarar dawowa, duk sanda ya rufe ido abu ɗaya yake gani. Ya durƙusa a gaban Malam a ƙofar gida, jama'a na kallo, Malam ya dube shi ya kawar da kai. Ya ce ya gwammace ya shekara a hanya da ya ga wannan. Ba don motar ba, in ji shi, da jirgi ya sauke shi a Kano ya isa gida a yini ɗaya, shi ya sa ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka. Akwai maganar da Malam ya hana a gaya wa Isyaku, ranar na ga ba ta da sauran amfani a cikina. Na ce, "Isyaku, Malam ba zai dube ka ba balle ya kawar da kai. Idonsa ya tafi tun bara waccan. Kai kana nan kana busar da kujera, shi kuma kullum ƙara tafiya yake." Ya ajiye ludayin. Bai yi kuka ba, ya tashi ya je ya duba mai da tayoyi.

Washegari na san dalilin da ya sa ake ce mata motar tsere. Jama'a, ashe duk kwanakin nan rarrafe muke. Muna fita Maraɗi ya taka ta, ta yi wani gurnani, bayana ya manne da kujera. Ɗankwalina ya tafi tun kafin Tasawa, na ɗaure kai da mayafi na ƙulle a haɓa, na karanto duk addu'ar da Malam ya koya min har da ta shiga kasuwa. Tudun rage gudu kuwa ba wanda ya ƙara cewa in sauka, sai dai in ji ƙuuu a ƙarƙashina, salansa na kuka, shi ko a jikinsa. Masu shayi na ɗago mana hannu, bai ko waiwaya ba. Kusa da Damagaram ruwa ya sauko, kuma gaskiyarsa ce, ta samanmu ya wuce.

A Maigatari, bakin iyakarmu, shekarun motar suka rikita aiki. Aka rasa layin da za a sa ta, tsohuwar mota ce, ko kayan tarihi, ko kayan mai ƙaura. Ma'aikatan ba su wulaƙanta mu ba, sai dai duk babban da ya zo sai ya ce a kira na sama da shi, rabi don aiki rabi don shi ma ya zo ya ga abin mamaki. Mutumin da ya so ya tare a Ƙonni, yanzu shi ke safa da marwa yana roƙon a taimaka a sallame shi, wurin mahaifinsa za shi. Sai washegari aka gama, ya biya abin da doka ta ce, muka wuce. Tun a nan na lura yana dafe ƙugu, azahar ma a Gumel a zaune ya yi ta. Na ce mu wuce Dutse tukuna ya huta, ya yi wanka ya sa manyan kaya, gobe mu je a natse. Ya ce a'a.

Muka ratsa Jahun masu adaidaita na bin mu da hon, muka shiga Aujara bayan la'asar. Lokacin nan Malam na zaune a dakalin ƙofar gida da dattawan unguwa kamar kullum. To a unguwarmu duk wanda ya yi sabon abin hawa, mota ce ko babur ko adaidaita, ba ya fara morarsa sai ya kawo Malam ya ɗora hannu a samansa ya yi addu'a. Da idonsa ya tafi ma ba a fasa ba, kama hannunsa ake a kai shi. Saboda haka muna tsayawa mutane suka taru, wani ya ce wa Malam Hajiya Gambo ce ta yi mota, ga ta nan da direbanta. Ba wanda ya gane Isyaku, ko mutum ɗaya.

Na fito da rarrafe na durƙusa na gaida Malam. Na waiwaya ina jiran Isyaku ya biyo ni, sai na gan shi ya cire hula ya kama ƙofa yana yunƙuri, gumi na keto masa. Ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya koma, ya dube ni ya ce a hankali, "Yaya, bayana ya riƙe." Ku duba min wannan abu. Shekara da shekaru yana tsara yadda zai durƙusa, ga shi a ƙofar gidan ubansa a hakimce cikin mota, abin da ko mara kunyar unguwa ba zai yi ba. Ni kuma da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus. Kafin in haɗa kalma biyu, Malam ya miƙe ya ce a kai shi ya sa mata albarka.

Limanin unguwa ya kama hannunsa ya kai shi gefen direba. Malam ya yi bismilla, ya ɗaga hannu daidai inda ya saba samun rufin mota, ya sauke. Hannun ya wuce ta cikin iska, ya ci gaba da sauka har ya dira a kan sanƙon Isyaku. Malam ya tambaya wace irin mota ce wannan mai gumi, mutane suka kwashe da dariya. Yatsunsa suka bi goshin, suka gangara kan gira, suka shafi kunne, suka tsaya a gemu. Dariyar ta ɗauke.

Malam ya ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Malam."

Ni dai na san halin Malam, in ya juya ya juya ke nan. Sai ya mayar da hannun kan sanƙon ya ce, "Har ka tsufa ban gani ba." Daga nan ya yi addu'ar da ya taso yi, bai canza ko kalma ba: Allah ya tsare, Allah ya kiyaye sharrin hanya, Allah ya sa a daɗe ana mora. Jama'a suka shafa, wasu na dariya wasu na share ido, don zuwa lokacin an gane ko waye. Ni dai kuka nake wiwi a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

Da bakina ya dawo na ce wa Malam bayansa ne ya riƙe, ba raini ba ne. Ya ce to a ciro masa shi. Majiya ƙarfi biyu suka kama shi ta hammata suka zaro shi, ƙafafunsa a lanƙwashe yadda suke a motar, suka nufi zaure da shi. Liman ya miƙo hannu zai ja Malam, Malam ya ce ya bar shi. Hannunsa na kan ɗansa, shi ya bi har suka shige ciki.